Sallar haihuwar Maryama a wurin Katolika: asalinta da ma'anar sunanta

A cikin kalandar Ikilisiyar Roma haihuwa uku kaɗai ake yi wa salla: ta Yesu ranar 25 ga Disamba, ta Yahaya Mai Baftisma ranar 24 ga Yuni, da ta Maryama ranar 8 ga Satumba. Sauran waliyyai galibi ana tunawa da su ne ranar mutuwarsu, wadda Latinanci ke kira dies natalis, wato ranar haihuwa, domin a akidar Kirista ranar ce aka haife su zuwa rai madawwami. Mai fassarar da ya mayar da kalmar "ranar haihuwa" kai tsaye zai ɓatar da mai karatu. Daga natalis ɗin nan ne Faransanci ya samo Noël.

Linjila huɗu ba su ce kome ba game da haihuwar Maryama. Labarin ya fito daga wani littafi na ƙarni na 2 da aka rubuta da Girkanci, wanda ake jingina wa Yakubu, kuma bai shiga cikin Littafi Mai Tsarki ba. Shi ya ambaci iyayenta, Yowakim da Hannatu, waɗanda suka daɗe ba su samu haihuwa ba. Mai karatunmu zai tuna cewa Suratu Ali Imrana ta kawo wannan haihuwa, da alwashin uwar, da renon Zakariya. Can sunan uban Imrana, kuma masu tafsiri ne suka kira uwar Hanna.

Ita sallar a Ƙudus ta tsiro. A ƙarni na 5 an gina majami'a kusa da tafkin Betasda, inda al'ada ta ce nan gidan iyayen yake, kuma galibin masana suna danganta 8 ga Satumba da ranar keɓe ginin. A ganinmu wannan ya fi kama hankali, tunda babu wata shaida a kan ainihin ranar haihuwar. Daga Gabas ta isa Roma, inda Fafaroma Sarjiyus na ɗaya (687-701) ya kafa mata jerin gwano. Sallar ɗaukar cikinta, 8 ga Disamba, lissafi ne aka yi baya da wata tara. A 1854 Fafaroma Piyus na tara ya mai da shi akida cewa an ɗauki cikinta ba tare da zunubin asali ba, abin da ya ƙarfafa dalilin girmama haihuwarta ta duniya.

Wurin kansa ya sha canjin hannu. Ƴan Salibiyya sun gina majami'ar Hannatu a ƙarni na 12, Salahuddin ya mai da ita makaranta a 1192, Daular Usmaniyya ta miƙa ta ga Faransa a 1856.

Saura suna a Hausa. "Mauludi" daidai yake ta fuskar asali, daga tushen Larabci w-l-d, wanda Kiristocin Larabawa ma suka ciro mīlād daga gare shi. Amma a bakin Bahaushe kalmar ta riga ta keɓanta da bukin Musulmi, shi ya sa muka zaɓi "sallar haihuwar Maryama" a cikin wannan rubutu.