Zauren Kakanmu Da Ganuwar Kano

Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne wata magana da ta taso a gidanmu nan Arikya. Wasu daga cikin 'yan uwa suna so a rushe zauren da kakanmu ya gina a yi shaguna uku a wurin. Hujjarsu ita ce tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 fili ya yi daraja, shago kuma yana kawo kuɗi.

Kakanmu Bakano ne, fatauci ya kawo shi nan. Bai zo da dukiya ba, amma ya zo da tsarin gida a kansa: zaure a gaba, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida. Baƙo ya sauka a zaure ya kwana ba tare da ya ga iyali ba. A nan ake awon hatsi, a nan ake ɗaurin aure, a nan muka fara riƙe allo.

Da na bi Baba Kano kai doya na ga inda tsarin ya samo asali. Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, ya gina Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi. Yau fiye da shekara 500 ke nan, fadar tana nan, Kurmi tana ci. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su cika birnin da gidaje ba. Sun bar gonaki da filaye a cikin ganuwa, saboda ranar yaƙi da kuma 'ya'yan da za a haifa. Baturen Jamus Heinrich Barth ya tarar da waɗannan filaye da ya zo Kano a 1851.

Mu kuwa yanzu kowa ya sayi fuloti sai ya ci hanya, ya toshe magudanar ruwa, damina ta zo a yi ta rigima da maƙwabta.

Na ce wa Baba a yi shagunan a jikin katanga ta gefen titi, a bar zauren. Ya yi shiru, ya ce sai ya ji ta bakin Baffa. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba mu shawara. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.