Baltazar: Sarki baƙar fata a labarin Kirsimeti

A kowace shekara idan Kirsimeti ya zo, majami'u da dama a Turai da Amurka sukan kafa mutum-mutumi masu nuna haihuwar Yesu Almasihu, wato Annabi Isa (AS), a garin Baitalami.

A cikinsu akan ga sarakuna uku ɗauke da kyaututtuka, kuma sau da yawa ɗayansu baƙar fata ne. Sunansa Baltazar, kuma tarihinsa ya zama madubin yadda Kiristocin Yamma suka riƙa kallon batun launin fata.

Asalin labarin

Labarin dai ya zo ne a babi na biyu na Linjilar Matiyu, inda aka ce wasu masana taurari daga gabas sun kawo wa jaririn zinariya da lubban da mur, wani ƙaro mai ƙamshi.

Littafin bai faɗi adadinsu ba, bai ambaci sunayensu ko launin fatarsu ba, kuma bai kira su sarakuna ba. Daga baya ne aka ɗauka su uku ne, saboda kyaututtukan uku ne, aka kuma sa musu sunayen Kaspar da Melkiyo da Baltazar.

Malaman coci a Turai sun fassara su da cewa wakilai ne na nahiyoyi ukun da suka sani a lokacin: Asiya da Turai da Afirka. Tun shekarar 1164 ake ajiye da ƙasusuwan da aka ce nasu ne a birnin Kolon na Jamus.

Yadda ya zama baƙar fata

Duk da wannan fassara, masu zane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna nuna mutanen uku a matsayin farare. Sai a ƙarni na 15 hoton sarki baƙar fata ya bazu, kuma ana iya ganinsa a zanen da Albrecht Dürer na Jamus ya yi a 1504.

Masana tarihi na danganta wannan sauyi da ƙaruwar cuɗanya tsakanin Turai da Afirka. Wata taswira da aka yi a yankin Sipaniya a 1375 ta nuna Mansa Musa na Mali da kambi a kansa yana riƙe da zinariya, kuma a 1441 wakilan Kiristocin Habasha sun halarci babban taron coci a birnin Florence na Italiya.

To sai dai a wannan zamanin ne kuma Turawan Fotugal suka soma kwasar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma. A 1444 an raba bayi 235 a wani gari na Fotugal mai suna Lagos. Ke nan a daidai lokacin da ake zana mutumin Afirka cikin kayan sarauta a majami'a, ana sayar da 'yan uwansa a kasuwa.

Abin da Kiristoci ke fahimta

A cocin Yamma ana tunawa da ziyarar ne ranar 6 ga Janairu. Darasin da malamai suka fi jaddadawa shi ne, waɗannan baƙi ba Yahudawa ba ne, amma ba a kore su ba, don haka babu wata al'umma da ta fi wata kusanci da Ubangiji saboda asali ko launi.

Sukan haɗa wannan da koyarwar Bulus a wasiƙarsa ga Galatiyawa, cewa imani ya shafe fifiko tsakanin Bayahude da waninsa, da tsakanin bawa da ɗa, da kuma gargaɗin da ke babi na bakwai na Matiyu game da yanke wa mutane hukunci.

Irin wannan saƙo ne Martin Luther King ya gabatar a wa'azinsa na jajiberin Kirsimeti na 1967 a cocin Ebenezer da ke Atlanta a Amurka, inda ya nemi mutane su ɗaga amincinsu sama da iyakokin launi da ƙabila da ƙasa. Ba a cika wata huɗu ba aka harbe shi, a watan Afrilun 1968.

Muhawarar wannan zamani

A Sipaniya, inda ake jerin gwanon sarakunan uku ranar 5 ga Janairu, an daɗe ana shafa wa farar fata baƙin fenti domin ya fito a matsayin Baltazar. Masu suka sun ce wannan izgili ne, tunda akwai baƙaƙe da yawa a ƙasar.

Hukumar birnin Madrid ta sa baƙar fata ya fito a matsayin sarkin a babban jerin gwanon 2016, kodayake al'adar shafa fenti ba ta gushe ba a wasu garuruwa, ciki har da Alcoy.

A Jamus kuwa, babbar majami'ar birnin Ulm ta janye mutum-mutumin sarakunan uku a 2020, tana mai cewa an sassaƙa baƙin sarkin da siffofi na cin fuska. Matakin ya raba kan jama'a.

Wasu Kiristocin na ganin cire shi tamkar goge Afirka ne daga labarin. Wasu kuma na cewa ya kamata ya zauna, amma a nuna shi da mutunci kamar sauran biyun, tunda manufar shigar da shi tun farko ita ce nuna cewa an buɗe wa kowa ƙofa.