Ina mazan suka shiga? Kukan ya fi shekara 150

Jama'a, kwana biyun nan ina ganin ana ta muhawara kan ƙarancin maza a coci. Zumuntar Mata cike maƙil, ta maza kuwa sai an yi cigiya. Wasu na cewa wai wa'azi ne ya yi laushi, an mai da addini na mata. To bari mu leƙa tarihi, don ba yau aka fara wannan kukan ba.

A tsakiyar ƙarni na 19 limaman coci a Ingila sun yi irinsa. Samari sun cika birane suna aikin masana'antu, kuma mashaya ta fi majami'a jan su. Sai irin su Charles Kingsley, wanda shi kansa limamin coci ne, da abokinsa Thomas Hughes suka ce jiki ma baiwar Allah ce, Kirista na ƙwarai ya haɗa ƙarfin jiki da ƙarfin hali. Aka raɗa wa ra'ayin suna Kiristanci mai ƙwanji.

Coci-coci suka rungumi ƙwallo don jawo samari. Aston Villa daga samarin wata majami'ar Methodist ta fito a 1874, Everton ma haka a 1878. A Amurka, James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891 a makarantar YMCA ta Springfield. A Glasgow kuwa, William Alexander Smith, malamin makarantar Lahadi kuma sojan sa-kai, ya rasa yadda zai yi da yaran ajinsa saboda ƙiriniya, sai ya sa su fareti. Haka Boys' Brigade ta samu a 1883, da manufar gina mazantaka ta gaskiya irin ta Kirista. Ita ce dai muke gani har yau a coci-cocinmu na Arewa da ganga da begila.

Dabarar ta jawo samari, ba musu. Amma ƙwallon ya yi tafiyarsa ya bar cocin. Masu kallon Everton nawa ne yau suka san asalinta? Su ma majami'un Ingila da yawa babu kowa, wasu har an sayar.

Shi ya sa nake jin tsoro in na ji ana koya wa samarinmu cewa namiji shi ne mai tsawa a gida. Su Smith horo da biyayya da girmama na gaba suka sa a gaba, faretin hanya ce kawai. Almasihun da muke bi ya kori 'yan kasuwa daga Haikali, shi ne kuma ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa.

Dattawan ikilisiya, mu shirya gasar ƙwallo, ba laifi. Amma bayan an tashi wasa, wa zai zauna da yaron nan ya koya masa riƙon amana, riƙon mata da biyan bashi? Ina jiran ra'ayinku.