Gyaran Hoto: Daga Fensir da Wuƙa zuwa Manhajar Haya

Gyaran hoto ya girmi kwamfuta da kusan shekara ɗari. Tun cikin shekarun 1850, lokacin da ake ɗaukar hoto a kan farantin gilashi, masu hoto a Turai suka gane cewa abin da kyamara ta kama ba lallai ne shi za a miƙa wa mai shi ba. Gwanin gyara yakan kafa gilashin a gaban haske, ya bi fuskar da ke jiki da fensir mai tsini, ɗigo bayan ɗigo, yana ɓatar da tabo da tamoji. Inda maganin da ke jikin gilashin ya yi kauri kuma sai ya kankare da bakin wuƙa. A ɗakin wanke hoto akwai wata dabarar: a tare haske da hannu ko da guntun kwali don wani sashe ya yi fari, ko a bar shi ya daɗe a wani sashen don ya ƙara duhu. A 1857 Oscar Rejlander ya haɗa hoto guda a Ingila daga nagatif kusan talatin. Masu mulki ma sun ci moriyar sana'ar. A Tarayyar Sobiyat, bayan an kashe wani babban jami'i mai suna Nikolai Yezhov a 1940, an share shi daga wani hoto da yake tsaye gefen Stalin a bakin ruwa, aka cike gurbinsa da ruwan. Kayan aikin wancan zamani ba sa tsufa sai dai su ƙare, kuma wuƙar da maigida ya yi aiki da ita yaronsa kan gaje ta.

Na'ura ta shigo sana'ar ta ƙofar manyan kamfanonin ɗab'i da gidajen talabijin, domin su kaɗai ke da ƙarfin saye. Kamfanin Scitex na Isra'ila ya ƙera injunan gyaran hoto don maɗaba'u, Quantel na Ingila kuma ya fitar da Paintbox a 1981, kuɗinsa wajen dala 250,000. A Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya dace da tsayin bango, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa game da amanar hoto. A waɗannan injuna manhaja da ƙarfe abu ɗaya ne, tare ake sayensu, tare ake jingine su.

Rabuwar biyun ta zo da ƙananan kwamfutoci. A 1987 Thomas Knoll, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna Display don ya riƙa ganin hotuna masu ruwan toka a allon Macintosh Plus, wanda baƙi da fari kawai ya sani. Ɗan'uwansa John, ma'aikacin Industrial Light & Magic, kamfanin da ke yi wa fina-finai siddabarun hoto, ya hango kasuwa a ciki, ya yi ta matsa masa ya ƙara wannan ya ƙara wancan. Wani kamfanin sikana, Barneyscan, ya fara raba kwafi kusan 200 tare da injinsa. Kamfanin Adobe ya karɓi lasisin sayarwa a 1988, ya fitar da ita da sunan Photoshop 1.0 a Fabrairun 1990, don Macintosh kaɗai, a kan dala 895. Manhajar duka ta shiga cikin faifan fulofi guda ɗaya, kuma megabait 2 na memori ya ishe ta. A 1995 Adobe ya saye ta ɗungurungum daga 'yan'uwan a kan dala miliyan 34.5.

Daga nan aka shiga tsere tsakanin manhaja da inji. Kowace sabuwar siga tana zuwa da wata bajinta, kowace bajinta kuma tana neman ƙarin memori da ƙarin gudu. Siga ta 3.0 a 1994 ta kawo leya, wato a jera sassan hoto hawa-hawa, a taɓa ɗaya ba tare da an ɓata sauran ba. Ta 5.0 a 1998 ta ba da damar komawa baya matakai da yawa idan an yi kuskure, alhali a da mataki ɗaya tak ake iya janyewa. Ta 7.0 a 2002 ta zo da burushin da ke share tabo ya kuma daidaita wurin da fatar da ke kewaye, aikin da mai fensir kan yi rabin wuni a kansa. Wannan sigar megabait 128 take nema. Sigar CS6 ta 2012 ta nemi gigabait 1, sigogin baya-bayan nan kuwa ba sa sauka ƙasa da gigabait 8, kuma kamfanin da kansa ya fi ba da shawarar 16.

Dalilin wannan ci ba ɓoyayye ba ne. Hoton da ke ajiye a matse, kamar JPEG, sai an warware shi gaba ɗaya cikin memori kafin a yi aiki a kai. Hoto mai ɗigo miliyan 24 yana cin kusan megabait 72 idan aka buɗe shi, kowace cikakkiyar leya kuma tana ƙara kwatankwacin haka, ga matakan baya da manhajar ke riƙewa. Da memori ya cika sai ta koma aron wuri a babban faifan kwamfutar, wanda ya fi shi nawa nesa ba kusa ba. A nan ne mai tsohuwar kwamfuta yake ganin abin da idonsa: ya ja burushi, alamar ta biyo baya bayan daƙiƙa biyu, fanka tana ta huci, mai jiran hoton fasfo yana tsaye a ƙofa yana duba agogo.

Shekara ashirin da 'yan kai, hukuncin sabuntawa yana hannun mai kwamfuta. Wanda ya sayi manhajar ya saye ta ke nan har abada. A ƙarshen wancan zamani sabon kwafi dala 699 ne, wanda yake da tsoho kuma ya biya 199 ya hau sabuwar siga. Masu sana'a da yawa sukan tsallake siga ɗaya ko biyu, su jira sai sun sauya inji sannan su sauya manhaja, kuma wannan lissafi ne mai ma'ana, domin aikin yau da kullum, wato yanke hoto, daidaita haske da launi, share tabo da sauya bango, ya riga ya nuna tun farkon shekarun 2000.

Abin da ya fi tilasta wa mutane sabuntawa daga gefe yake zuwa. Kyamara tana kan gaba. Kyamarorin ƙwararru suna ajiye ɗanyen hoto, wanda ake kira RAW, kuma kowace sabuwar kyamara da irin nata tsarin. Adobe ya fitar da Camera Raw a 2003 don buɗe irin waɗannan hotuna, amma da sabuwar siga ta fito sai ya daina ƙara wa tsohuwar sababbin kyamarori. Mutum ya sayi kyamara, ya dawo daga ɗaukar biki, Photoshop ɗinsa ya ƙi buɗe hotunan. Mafitar da kamfanin ya bayar ita ce tsarin DNG na 2004, da manhajar kyauta mai juya ɗanyen hoton zuwa wannan tsari, wanda tsofaffin sigogi ke iya karantawa. Sai kuma sauyin injin kansa. Da Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel a 2006, tsohuwar Photoshop ta riƙa jan ƙafa a sababbin kwamfutocinsa har sai da CS3 ta fito a 2007. A 2019 tsarin macOS Catalina ya daina karɓar manhajoji masu bit 32, abin da ya hana a ɗora tsofaffin sigogi a kansa. Wato sabuwar manhaja takan ƙi tsohon inji, tsohuwar manhaja kuma takan ƙi sabo.

Akwai kuma igiyar da kamfanin ya riƙe. Daga sigar CS ta 2003 aka fara wajabta wa mai saye ya tabbatar da lasisinsa ta intanet ko ta waya. Ranar da aka kashe na'urar da ke amsa wannan tabbatarwa, manhajar da aka biya kuɗinta ba za ta sake ɗoruwa ba. An kashe ta CS2 a ƙarshen 2012, har Adobe ya saka wani kwafi da lambarsa a shafinsa don waɗanda suka riga suka saya, jama'a kuma suka ɗauka kyauta ce aka yi, suka yi masa rubdugu.

A Mayun 2013 Adobe ya sanar da cewa daga CS6 an daina sayarwa, sai haya a ƙarƙashin Creative Cloud. Masu hoto sun yi ta ƙorafi, dubbai suka sa hannu a takardar koke, abin da ya biyo baya shi ne wani tsari na musamman a kan dala 9.99 a wata. Ga wanda ke sabuntawa kowane lokaci, hayar ta fi sauƙi. Wanda ya saba riƙe siga ɗaya shekara bakwai kuwa shi aka yi wa sakiyar da ba ruwa, domin ran da ya daina biya ran nan manhajar ta rufe. Ko zama a kan tsohuwar sigar haya bai zama tabbas ba: a Mayun 2019 kamfanin ya aika wa wasu masu biya saƙo cewa ba su da izinin ci gaba da amfani da wasu tsofaffin sigogi. Mai tsohuwar kwamfuta sai ya wayi gari yana biyan kuɗin sabuwar sigar da injinsa ba zai iya ɗauka ba.

Wannan ya buɗe wa wasu kasuwa. GIMP, wadda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995, kyauta ce tun asali, kuma siga ta 3.0 ta fito a Maris na 2025. Kamfanin Serif na Ingila ya fitar da Affinity Photo a 2015 a kan biya sau ɗaya, kafin kamfanin Canva ya sayi Serif ɗin a 2024. Photopea kuma a cikin burauza take aiki, tana buɗe fayilolin Photoshop ba tare da an ɗora komai ba.

A situdiyoyin hoto da shagunan buga takardu na Kano, Kaduna ko Maraɗi, lissafin yana da nasa nauyin. Yawancin kwamfutocin na hannu ne, an shigo da su bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka. Kuɗin haya da dala ake biya, kuma daga 2022 manyan bankunan Najeriya da dama sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, ba su dawo da shi ba sai 2025. Ga data, ga wutar da ke ɗaukewa. Shi ya sa har yanzu ake cin karo da Photoshop 7.0 ko CS3, galibi marasa lasisi, suna fitar da fasfo takwas a takarda ɗaya, da katin gayyatar biki, da sitika, da fastar 'yan takara, tare da manhajar CorelDRAW a gefe. Ga irin wannan aiki tsohuwar sigar ba ta gaza ba. Haɗarinta yana ga kwafin da aka fasa, wanda kan shigo da bairos, da tsohon Windows da aka daina yi wa gyaran tsaro: XP tun 2014, Windows 7 tun 2020, Windows 10 kuma daga 14 ga Oktoban 2025.

Sigogin zamani sun dogara ƙwarai da katin hoto na kwamfuta, kuma a yawancin laftof ba a iya sauya shi, ko da yake ƙara memori da sanya faifan SSD kan farfaɗo da inji mai shekara takwas ko goma. A Mayun 2023 Adobe ya shigo da Generative Fill, inda ake rubuta abin da ake so a hoto, ƙirƙirarriyar basira ta zana shi. Wannan aikin a manyan na'urorin kamfanin ake yin sa, kwamfutar mai hoto tana aikawa ne ta karɓi sakamako. Duk da haka sai injin ya iya ɗaukar sabuwar sigar, sai da intanet mai ƙarfi, sai kuma an biya kuɗin wata kafin a kai gare shi.