Kiristal ɗin da aka ce ba zai yiwu ba

Tun 1912, da Max von Laue da abokan aikinsa suka haska kiristal da hasken X a Jamus, masana suka tsaya a kan ƙa'ida guda: ƙwayoyin zarra a cikin kiristal suna jeruwa ne cikin tsari mai maimaita kansa, kuma idan an juya shi zagaye ɗaya, siffarsa tana komawa yadda take sau 2, 3, 4 ko 6 kawai. Biyar ba ta ciki, kamar yadda tayil mai kusurwa biyar da gefe biyar daidai-wa-daida ba ya rufe daɓen ɗaki sai ya bar giɓi.

Ranar 8 ga Afrilu 1982, Dan Shechtman, malami daga jami'ar Technion ta Haifa da ke aikin bincike a Amurka, ya sa gaurayen alminiyam da manganis a madubin ilektaron. Sai ga ɗigo goma-goma a kewaye, tsarin da waccan ƙa'ida ta ce ba zai yiwu ba. Wata mujalla ta ƙi karɓar bincikensa, sai a Nuwamba 1984 ya fito. Linus Pauling, mai lambar Nobel biyu, ya dage har rasuwarsa a 1994 cewa abin da Shechtman ya gani kiristal da yawa ne da suka manne da juna.

A ganina babban aikin ya zo ne bayan gardamar: ina kowace zarra take zaune? Na'ura tana auna ƙarfin kowace igiyar hasken X da ta watso, amma matakin da igiyar take a hawa da saukarta yana ɓacewa, kuma idan babu shi ba a iya zana taswirar zarra. Dabarun lissafin gano wannan mataki, da suka ba masana Hauptman da Karle Nobel a 1985, an gina su ne a kan tsari mai maimaituwa, wanda wannan kiristal ba shi da shi. Mafita ita ce a lissafa shi a sarari mai fuska shida, inda tsarin ke maimaituwa, sannan a yanko namu mai fuska uku. Sai a 2007 Hiroyuki Takakura da abokan aikinsa suka fitar da cikakkiyar taswirar irin wannan kiristal, na kadmiyam da itarbiyam, shekara 25 bayan ganin farko.

Ƙungiyar masana kiristal ta duniya ta sauya ma'anar kiristal a farkon shekarun 1990, Shechtman kuma ya karɓi Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2011.