Daga Ɗakin Gwajin Lovaas Zuwa Gidan Mari

A shekarar 1943 likita Leo Kanner na birnin Baltimore a Amurka ya bayyana halayen yara 11 masu gudun cuɗanya da maimaita motsi ɗaya ba gajiya. Lalurar ce ake kira galahanga a yau. Ba a jima ba masana suka dukufa neman hanyar sauya ɗabi'un irin waɗannan yara.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya. Ya ɗora aikinsa bisa ka'idar B. F. Skinner, cewa halin da aka saka wa da lada yakan zauna, wanda ya gamu da horo kuwa yakan gushe. A 1965 mujallar Life ta nuna yadda ake koyar da yara a ɗakinsa: da yabo da abinci, amma har da tsawa da mari da jona lantarki. A 1987 ya ba da rahoton cewa cikin yara 19 da aka horar awa 40 a mako, 9 sun shiga aji ɗaya da sauran yara. Iyaye suka yi tururuwa, masana kuma suka soki binciken domin ba da ƙuri'a aka raba yaran ba.

Suka mafi nauyi daga masu lalurar kansu ta fito. Jim Sinclair a 1993, da Michelle Dawson a gaban Kotun Ƙolin Kanada a 2004, sun ƙi yarda a ɗauke su marasa lafiya da za a gyara ba da yawunsu ba. Hujjarsu tana da ƙarfi: yaron da aka hana kaɗa hannu, masu kallonsa ne suka huta, damuwarsa tana nan. Sai dai uwar da ɗanta ke buga kai da bango ba za a ce mata ta zuba ido ba. Shi ya sa yawancin masu wannan horo suka bar duka, suka riƙe lada.

Mu a Arewa ba baƙi ba ne ga gyaran hali da azaba. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa; wata mai bi aka fasa na Daura. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, da kyakkyawar niyya kuwa. Uban da ke Birnin Tsaba ko Shinkafi, in ɗansa ya kai shekara biyar bai yi magana ba, mai ruƙiyya ya fi kusa da shi fiye da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.