Ƙotar Bindiga Da Kafaɗar Soja

Duk manomi ya san fartanya ba ta yi wa mutum daɗin aiki sai ƙotarta ta dace da hannunsa. Haka abin yake ga bindiga. Idan muka waiwayi tarihin Lee-Enfield, bindigar da sojan Ingila suka fara riƙewa a shekarar 1895, za mu ga yadda hukumar soja ta ɗauki wannan magana da muhimmanci.

Ƙotar bindiga ita ce katakon nan da ake dafawa a kafaɗa, wanda muka fi sani da gindin bindiga. In ta yi wa maharbi tsawo, yatsansa ba zai kai kunama yadda ya kamata ba. In kuwa ta yi gajarta, ido zai matso kusa ainun, saiti ya ɓaci, ƙarfin harbi kuma ya bugi fuska. A fagen daga, irin wannan kuskure ransa mutum yake ci.

Saboda haka aka riƙa sassaƙa ƙotar kala uku: gajera, madaidaiciya da doguwa, tsakanin kowace da mai bi mata rabin inci. Dogon ƙusa guda ne ke riƙe da ita, don haka makerin bataliya yana iya kwance wannan ya ɗaura waccan. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, aka soma ɗaukar gajerun mutane waɗanda ba su kai ƙafa 5 da inci 3 ba, aka yi musu bataliyoyinsu. Daga nan aka sami ƙota ta huɗu, mafi gajarta, mai tambarin harafin B.

Zaɓen itace ma ya canza. Da farko itacen walnat ake amfani da shi, domin ƙwarinsa da rashin saurin tsagewa. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi ƙaranci, sai aka koma ga itatuwa masu araha. Wannan bindiga ce kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka riƙe a dazukan Burma, inda damina ke kumbura katako, dole a yi ta shafa masa mai.

Har yau, maharbin da ƙotarsa ta tsage tambayoyi biyun nan yake yi kafin ya saya wata, ko ta katako ko ta roba: shin ta dace da kafaɗata, kuma za ta jure ruwa da rana? Soja dai kaki iri ɗaya ake ɗinka musu, amma hukuma ta yarda kafaɗa ba ɗaya ba ce. Kowace ƙwarya da abokin burminta.